Kallabina da Akuyar Maigadi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da akuya ta yi kalaci da kallabina a gaban duk matan Damagaram ba. (To, ba duka ba ne, amma wallahi haka idona ya ƙirga su.)

Bakansin bara ne, wato dogon hutun makaranta, damina ta biyu da ruwa ya ƙi mu. Mutanen Zermu da na Damagaram Takaya sun cika gari da 'ya'yansu, sai aka ɗauki 'yan lakwal biyu, wato ɗalibai, ni da Zuwaira, mu taya aiki a wani gidan awon yara a unguwar Zango. Mu ɗora jariri a sikeli, mu dama madara. Ladanmu gero ne duk Juma'a, a gidanmu kuwa wannan geron shi ke sa a ɗora tukunya. Shugabar wurin, Madam Falmata, ta ce bayan mako guda mutum ɗaya za ta riƙe.

Damuwata kayan aikin. Farar riga mai kama da buhun gishiri, da wata 'yar hula kamar murfin kwano. Zuwaira ta kifa tata ta kama aiki. Ni kuwa 'yar Birni, jikar marina, wadda ake tsayawa a hanya kallon ɗaurin kallabinta? Na ce rigar tasu ce, amma kan nawa ne.

Na ari kallabin Kaka mai shuni (ba ta san na ara ba). Ɗaurin da nake so, mai miƙewa sama kamar hasumiya, sai an sa masa ƙaro, ƙaro kuwa babu. Sai na ɗebi ludayi ɗaya na ƙullun kokon da aka ajiye wa ƙanena. To, biyu. Na dama, na tsoma kallabin, na shanya, ya bushe ya ƙandare. Don ƙarin tsayi na cusa tsohon wandon ƙanen nawa a ciki. Kitsona kuwa na tsefe rabi na gaji, na ce wa zai gani?

Madam ta dube ni daga sama har ƙasa, ta sake komawa sama, don can aikin yake.

"Ke 'yar nan, awo kika zo ko ɗaurin aure? Ina hularki?"

"Madam, tsafta ce. Gashi ba zai faɗa cikin madara ba."

"To, Allah ya sa."

Sikelin yana rataye a bishiya, jikin wata gajeriyar katanga. Maigadi yana da wata akuya ramammiya wadda ta riga ta cinye kwali da igiyar shanya. Tun safe take bina tana shinshina. Har na ji daɗi, na ce ko dabba ta san ado.

Na ɗauki wani jariri da hannu biyu zan sa shi a sikeli, sai na ji ana jan kaina ta baya.

"Zuwaira, hassada ba kyau," na ce.

Sai ga Zuwaira a gabana, riƙe da bokitin madara, baki buɗe.

Akuyar ce ta hau katanga ta kama hasumiyata tana tauna, ƙurus ƙurus, kamar ta samu ƙuli. Ta ja, na ja. Hannu babu, ɗan mutane yana ciki. Ina ihu ina "Kas! Kas!" ita kuwa ko a jikinta. Ɗauri ya warware, wando ya faɗo a kan teburin Madam, gashina ya bayyana: hagu kitso, dama kamar kan wadda ta ga aljani.

Wata tsohuwa daga cikin layi ta ce, "Sakar mata, 'yata, ita ma layin ta biyo!"

Wuri ya kaure da dariya. Matan da tun zuwana ban ga haƙoransu ba suna riƙe ciki. Zuwaira ta yi dariya har ta kifar da madarar. Madam ta ɗaga wandon da yatsa biyu.

"Wannan ma tsafta ce?"

Na miƙa wa uwar ɗanta, na kifa murfin kwanon nan a kaina da hannuna. A raina na yi ban kwana da gero.

Ranar Juma'a Madam ta kira ni. Ta ce, "Hankali dai ba ki da shi. Amma akuya na jan kanki ba ki saki ɗan mutane ba, ita kuwa waccan dariya kawai ta sa ta saki madara. Ki zo Litinin. Da hula."

Kaka ta juya ragowar kallabinta ta ce, "Ja'ira, kokon ƙanenki kika ɗaura a ka kika kai wa akuya har wurin aiki?" Kwana da kwanaki ƙanena na shan nasa kokon da nawa.

Har yau ina sa hular, sai dai na yi mata fure da shuɗin zare, ina kuma karkata ta gefe. Matan layi suna kirana Amaryar Akuya. Na dai koyi abu ɗaya: a shekarar fari, kafin ki fita da ado, ki tabbata ba ya ciwuwa.