Garejin da Na Haƙa a Bayan Tudu

Ba za ni taɓa mantawa da daminar bara waccan ba, ko da na so in manta. Mutanen garinmu ma ba za su bari ba.

Ni direba ne. Ina da wata tsohuwar mota da nike lodi da ita daga ƙauyenmu, can gefen Kurawa, zuwa kasuwar Sabon Birni. (Na ce mota ne don mutunci. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta.) Amma duk lalacewarta, ita kaɗai ta rage a garin. Mai naƙuda, mai zazzaɓi, wanda anka harba, duk ita ke kai su asibiti. Mutanen daji, wato ɓarayin nan masu bindiga, sun riga sun kwashe babura, sun kore shanu. Kowa ya san saura ita.

Sai wata dabara ta faɗo mini, irin wadda ke sa mutum ya riƙa murmushi shi kaɗai. Gidanmu bisa tudun marmara yake, bayan gidan kuma gangara ce mai tsayi da ta faɗa kwari. Wanda ya biyo hanya ba ya ganin abin da ke can. Na ce to, mi zai hana in haƙa ɗaki a cikin gangaren, wajen tsakiya, in rufe da azara, in zuba ƙasa da ƙaya bisa, ya koma kamar jikin tudu? Sai a sare hanya daga bayan gida ta gangara har bakin ɗakin. Wallahi ranar ji na yi kamar gwamnati ta yi hasarar injiniya.

Na kira gayya. Ba kiɗa, ba roƙo, don ba mu so labari ya fita, amma gari ya fito. Mata sun dama fura, samari sun kama diga da shebur. Wana, Yaya Mamman, da furfurarsa da komai, shi ne gaba wajen fasa marmara. Da anka gama, na saki motar a hankali bisa birki, ta shige kamar dama can ɗakinta ne. Da munka zo gwada fita, ta hau rabi ta fara nishi. Samari sunka sa kafaɗa, sai ga ta bisa tudu, ana sowa.

Yaya ya share zufa ya ce, "To kullum in za ta fito sai an tura ke nan?"

Na ce, "Haba Yaya, mutane sun ƙare ne garin ga?"

Kowa ya yi dariya, har shi.

Haka munka ci rani. Ana fitowa masallaci da safe, sai a biyo ta bayan gidanmu a tura ni, ana ba'a. Har sau biyu mutanen daji sunka shigo gari, sunka duba gidanmu, ba su ga komai ba. Kaina ya ƙara girma. A tasha har ina ba wasu direbobi shawara.

Abin da ban kula da shi ba, masu turin raguwa suke. Wancan ya kwashe iyali ya koma Sabon Birni. Wancan ya tsallaka Nijar. Wancan an tafi da shi daji, ba labari. Ina jin nishin masu turi yana ƙaruwa, ni kuwa sai in ce ai motar ce ke son gyara.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwa mai yawa da asuba. Mutanen daji kuma sun aiko duk mai ƙarfi ya tafi ya yi musu noma a gonarsu. Samarin da sunka rage duk sun tafi. An bar Yaya don tsufa. Ni kuwa (ku yi haƙuri da ni) na ce zazzaɓi nike, na shige garejin nan na laɓe tare da motata.

Da hantsi sai na ji ihu. Hajo ce, matar Yaya, ta gangaro ba ko ɗankwali.

"Fito da mota! Kububuwa ta sari Yayanka a gona!"

Duk ɗan ƙauye ya san kububuwa, macijiyar nan mai mugun dafi. Ba ta jiran mutum ya yi shawara. Allurarta tana Sabon Birni, kuma in an daɗe sai dai wani zancen.

Na tada mota, na sa giya, na taka. Hanyar nan da nike alfahari da ita ta koma jar laka mai santsi. Motar ta ɗan hau, tayoyi sunka yi ta juyawa wuri guda, ta sulalo baya. Na sake. Ta sake dawowa. Na leƙo ina ihu, "A zo a tura!"

Anka zo. Mata ne, da tsofaffi masu sanda, iyakar mutanen garin ke nan. A cikinsu har da surukata, baiwar Allah da tun da na auri 'yarta ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarta ba. Ta ɗaure zane, ta dafa bayan motata. Na taka totur, taya ta kwashi laka ta watsa mata tun daga goshi har ƙafa. Ina ganinta ta madubi. Ba ta ko share ba, sai cewa take, "Taka, ɗan nan, taka!"

Na taka. Mun kusa rabi sai ƙarfinsu ya ƙare. Motar ta yo baya, mata sunka watse suna salati, wata tsohuwa ta faɗi cikin ƙaya. Bayan motar ya daki ginshiƙin garejin, azara guda ta faɗo bisa rufinta. Injin ya mutu. Hajo ta fashe da kuka.

Da na ɗaga kai, sai ga Yaya can bisa tudu. An aza shi kan jaki, an ɗaure ƙafar da rawani, ta kumbura ta yi baƙi. Ya dubo ni ƙasa, ina zaune cikin rami riƙe da sitiyari. Ba ya ko iya ɗaga murya sosai. Ya ce:

"Direba, mu mun yi gaba. In ka fito ka iske mu."

Wallahi da ƙasar nan ta rufto ta binne ni da motar, da na gode mata.

Na fito na bi jakin da ƙasa, takalmi ɗaya ya maƙale a laka, makulli a hannu kamar zai yi wani amfani. Tafiyar da mota ke yi kafin fura ta saki sanyi, mu sai da la'asar ta yi munka samu motar da ta ɗauke mu a bakin titi. Jini na fita daga dasashin Yaya, ina tare masa da rigata. Likitoci sun ceci ransa. Ƙafar kuwa sun ce an makara, sunka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Da zai zage ni, da na samu sauƙi. Amma duk wanda ya zo gaisuwa sai Yaya ya ce, "Ai ƙanena ya yi iyakar ƙoƙarinsa." Ni kuwa ina gefe, ina kallon ƙasa, ina jin kamar ana zuba mini garwashi. Har yau in na gan shi ya dogara sanda zai shiga masallaci, sai in canza hanya.

Darasin dai na koya, ko da yake ba ni na biya ba. In za ka ɓoye abu, fara tambayar kanka ko kana iya ɗaukowa ranar da ba kowa sai kai. Ni na ɓoye mota har ta gagari ɓarawo, ta gagari mai ita.

Yanzu ƙofar gida take kwana, a fili, gabanta na kallon hanya. Mai son ɗauka ya zo ya ɗauka.