Ranar da Na Ɗaga wa Kwamfuta Hannu a Agiye

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar farin da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Lokacin ina jami'a a Yamai ina karatun tarihi, an kuma tilasta mana darasin kwamfuta. Mu da yawa ne, injin kaɗan, sai ka yi wata ba ka taɓa shi ba. Ranar jarrabawa ka buga layi biyar, ka ɗaga hannu, malam ya leƙa ya ba ka maki. Iyakar ilimina ke nan (amma a ƙauyenmu cewa na yi har gyara ta nake).

Da na zo hutu, wata ƙungiyar agaji ta ce kowane ƙauye ya shigar da sunayen magidantansa a kwamfutar buronta, wato ofishinta na Agiye, kafin la'asar, in yana son motar hatsi ta makon. Kawuna, mai gari, ya sa ni gaba, dattawa suna biye.

Sakatariyar buron, wata dattijuwa Bafulatana, ta ce, "Ɗana, in nuna maka yadda ake ajiyewa?"

Na ce, "Inna, jami'a fa nake."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Tun hantsi nake bugawa da yatsa ɗaya, Kawu na tsaye bayana yana cewa, "Ku duba hannu! Kamar kaza na tsince tsaba." Da na buga suna na ƙarshe, wallahi ban san sanda na ɗaga hannu ba.

"Wa kake kira?" in ji Inna.

Ban kai ga amsawa ba injin wuta ya yi tari ya mutu. Da aka tashe shi, allo ya fito fari fat.

"Ka ajiye?"

"Ai... na gama."

Kawu ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa: "Mutanen namu ina suka shiga?"

Mota ta tafi wasu ƙauyukan. Mu sai da muka ƙara kwana bakwai a kan ganyen tafasa da dusa, kuma duk gidan da na wuce sai a ɗaga mini hannu. Ba wanda ya zage ni, da ma zagin aka yi da ya fi mini sauƙi.

Allah ya yafe mini. Yanzu ko buɗe ƙofa aka ce za a nuna mini, zama nake in ce, "Nuna mini, Inna."