Yadda Za Ka Tashi Daga Ɗan Wasan Tsakiya Ka Zama Koci, Ka Kwashe Mijin Wata Ka Kai Bayan Gidanka

Ni Senga Pirie, mai sayar da shayi da mitfai, burodin nan mai nama a ciki, a filin ƙwallon garinmu Portlennie tun ina da haƙorana duka, na yi maka alkawari: bi matakan nan, za ka zama koci ko da ƙafafunka biyu duk na hagu ne. An gwada, ya yi. Struan Geddes aka gwada da shi, a gaban idona.

1. Zaɓi tsakiyar fili

Kada ka yarda a sa ka gola, duk ƙwallon da ta shiga sunanka za a kira. Kada ka zama ɗan gaba, ana ƙirga musu abin da suka ci. Tsaya a tsakiya, inda ba wanda ya san aikinka. Nuna wani wuri da yatsa, ka yi ihu. 'Yan kallo za su ce kana karanta wasa.

2. Ƙwallo ta zo, mayar da ita inda ta fito

Baya ko gefe. Mai ba da ƙwallo baya ba ya taɓa ɓatar da ita, wannan ilimi ne. Mijina Wattie ya ƙare rayuwarsa jingine da ƙarfen gefen fili yana kururuwa, "Struan! Ragar tana can, ɗan nan! Uwarka ka bari a baya ne?" Duk da haka ya fi son yaron a kan kowa. Mitfai biyu yake sa in ajiye masa bayan wasa.

3. Je Ingila ka dawo

Kakar wasa ɗaya ta isa. Zauna a benci, ka ji ciwo a gwiwa wajen motsa jiki, ka dawo gida kana magana ta hanci. Daga nan duk abin da ka faɗa, fara da "a can Ingila muna yin kaza". Za su ba ka kyaftin.

4. Yi alkawari inda ake kuka

Da Wattie ya rasu aka ƙona gawarsa yadda ya bar wasiyya, na ɗauki tokar na kai tsakiyar fili, kamar yadda mutanen garin nan suke yi wa wanda bai taɓa fashin kallon wasan Asabar ba. Ana ruwa da iska. Struan ne ya riƙe mini lema ina barbaɗawa.

"Gwaggo Senga," in ji shi, "muddin ina kulob ɗin nan, ba mai taɓa wurin nan."

Ka koyi wannan muryar. Ka ɗan sa ta rawa a ƙarshe.

5. Sayi doguwar kwat

Gwiwa ta ƙi, ka rataye takalmi. Yanzu kai koci ne. Harɗe hannu a ƙirji, ka tauna cingam. An ci ku, iska ce. An sake cin ku, alƙalin wasa ne. Idan iska ta kwanta, alƙali kuma ya yi adalci, aka yi muku huɗu da nema, to saura abu ɗaya da ba ya iya mayar da magana.

6. Ɗora wa ciyawa laifi

Ce wa shugabannin kulob taɓo ne ya hana yaranka nuna gwaninta. Nemi ciyawar roba. Abin lura a nan shi ne lokaci: jira hutun bazara, sai mai shayi ta tafi Dundee jinyar ƙanwarta. Kada ka buga mata waya, ai damunta za ka yi.

Na dawo na tarar da fili kore shar kamar an zuba fenti, yana warin sabuwar taya. Na tare Struan a ƙofar ɗakin sauya kaya.

"Ina Wattie?"

"Gwaggo, zamani ne ya zo da..."

"Ban tambaye ka zamani ba. Ina mijina?"

"Kamfani ne suka kwashe, wallahi ban san inda suka kai ba."

7. Kada ka yi asarar tsohuwar ciyawa

Ciyawa ce mai kyau, an sha wahala a kanta. Sa a nannaɗe maka ta tsakiya kamar kafet, a shimfiɗa a bayan sabon gidanka. Katanga doguwa ce, wa zai gani?

Wanda ya hau saman bas mai bene zai gani. Ni a nan nake zama kullum saboda direba ba ya jin surutuna daga can. Muna wucewa ta layin su Struan na leƙa, sai ga farin layin da'irar tsakiya ya ratsa bayan gidansa, daga wajen gasa nama har ƙarƙashin igiyar shanya. Ko goge shi bai yi ba. Wandunansa suna ɗiga a kan mijina.

8. Idan ta zo, nuna wayewa

Ranar Asabar ƙarfe uku na isa da kujerata mai naɗewa, da filas, da rediyon Wattie. Matarsa Shona ce ta buɗe.

"Lafiya, Gwaggo?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Mijina nake nema, yana bayan gidanku."

Ta bi ni har can, ta kalli layin, ta daɗe tana kallo. "Ya ce mini daga kasuwa ya saya," in ji ta. Ta shiga ciki ta fito da biskit da kujera ta biyu.

Nan muka saurari wasa. An ci yaran Struan uku a kan robar tasa. Da ya dawo da yamma ya same mu, sai ya tsaya da jaka a hannu.

"Gwaggo, mu yi magana ta hankali. Zan sa a rubuta sunansa a jikin kujera a filin. Da ruwan zinare."

"Wattie bai taɓa zama a wasa ba. Tsaye yake yi, yana zaginka."

"To me kike so?"

"Ka naɗe shi yadda ka shimfiɗa shi, ka kai mini bayan kicin ɗina."

"Wane ɓangaren ne shi?"

"Ranar ana iska, kai ka riƙe lemar. Duka."

"Shona, ki yi mata magana mana."

"Matsa," in ji Shona, "kana tsaye a kansa."

9. Ja lokaci

Ka ce bayanka na ciwo. Ka ce ba a tayar da ciyawa sai sanyi ya wuce. Ka ce kana da wasa mai muhimmanci. Wannan matakin Struan yake kai yanzu, kuma na yarda ya iya shi fiye da duk sauran. Asabar huɗu ke nan ina zuwa. Shona ta koyi gasa mitfai a wurina, ta kuma daina yi masa shanya a can, a banɗaki yake rataye wandunansa.

Ba ruwana

Na ce za ka zama koci, ban ce za ka ji daɗi ba. Duk abin da ya biyo baya naka ne, kada a zo rumfar shayi ana nemana. Musamman ba ruwana da abin da ya faru bayan na yi zancen a wajen gyaran gashi, wanda ban yi da wata manufa ba. Ashe ba ni kaɗai na barbaɗa miji a da'irar nan ba. Akwai wata mai suna Ina Duthie, akwai Bunty Mair da karenta mai cizo, akwai wasu shida da ba su san inda nasu suka koma ba sai da na faɗa. Kowace tana da kujera. Shona ta ce za ta bar ƙofar baya a buɗe ranar Asabar.

Struan, na san kana karantawa. Barona na tura kaya yana ƙofar gidanka, na ba tayar iska. Ka fara da Wattie kafin su zo a shiga rabo.