Jan Man da Na Kai Kutemeshi

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗauko amaryar yayana Musa ba, kuma ko na so in manta, mutanen Birnin Gwari ba za su bar ni ba.

Lokacin Turawa suna nan, sai dai an fara maganar sun kusa tafiya. Ni kuwa saurayi ne, na daɗe ina karen mota a bayan wata tsohuwar kitika, wato ƙaramar motar kaya, ta ƙanin mahaifiyata, Kawu Sale, mai fataucin gyaɗa. Aikina ɗora buhu, sauke buhu, da cusa katako a bayan taya in mun tsaya a hawa. Tuƙi kuma na koye shi kaɗan-kaɗan a hannun direbansa. Da direban ya koma garinsu ana dab da bikin, sai Kawu ya kira ni zaure, ya ajiye makulli a kan tabarma.

"Ga shi," ya ce. "Kai za ka je Kutemeshi ka ɗauko amaryar Musa. In ka kawo ta lafiya, makullin ya zama naka. In ka yi shirme, akwai masu nema."

Wannan makullin shi ne abin da nake mafarki tun ranar da na fara hawa bayan mota. Da ina da hankali, da na cika tanki daga duron fetur da ke bayan gidan Kawu, na je na dawo, shi ke nan. Amma ina, ni akwai abin da ya daɗe yana cin raina.

A wata tafiya da muka yi Kaduna, na ga direban Di'o, wato Baturen mulki, a gidan mai, sanye da kaki mai guga, ana zuba wa motarsa mai daga wani famfo na daban. Man yana hawa cikin gilashin famfon ja wur kamar zoɓo. Na matsa na gaishe shi, na tambaya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wannan ba irin naku ba ne, yaro. Sufa ke nan. Mota in ta sha shi, hawa ma gangara take ganinsa." Sunan bai zauna mini a ka ba a lokacin, launin ne ya zauna. Tun daga ranar na raina fetur ɗinmu na duro, na ɗora masa laifin duk wani tari da kitika ke yi (kitikar da ta kusa girme ni, ku lura).

To da makulli ya shigo hannuna, sai na ƙudura cewa amaryar yayana da man Di'o za ta shigo gari. A makon nan mutum ɗaya ne za shi Kaduna daga gidanmu, wato Gwaggo Asabe, yayar mahaifinmu, wadda aka ɗora wa sayen kayan girkin biki. Na same ta tana ɗaure ƙunshinta, na durƙusa na miƙa mata ɗan abin da na tara.

"Gwaggo, don Allah in kin je ki sayo mini jan mai, garwa guda."

"Jan mai? Na biki ne?"

"Na biki ne, Gwaggo. Amma mai kyau nake so, irin wanda Turawa ke saye. Can wajen tasha ake sayar da shi. Kuma kada ki bari a buɗe."

Ta dafa kaina ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ashe ka san zumunci." (Na san kun riga kun gane inda maganar ta dosa. A duk faɗin ƙasar Zazzau ni kaɗai ne ban gane ba.)

Ta dawo da garwa sabuwa fil, irin ta fetur, da hoton kamfanin mai a jikinta, an like bakinta da dalma. Ta ce mai sayarwa ya rantse mata cewa mutanen gidan Turawa a wajensa suke saye. Na ɗaga garwar na ji nauyi, na girgiza ta ban ji motsin ruwa ba. Kun san abin da na ce wa kaina? Na ce dole ya yi kauri, ai kaurin ne ƙarfinsa. Na naɗe ta a buhu na tura ƙarƙashin gado, na hana kowa taɓawa don kada ƙarfin ya tsere. Na kuma bi majalisar samari ɗaya bayan ɗaya ina ba da labarin man da zan zuba, har da kwaikwayon muryar direban Di'o.

Ranar tafiya Kawu ya leƙo ya ce, "Ka cika tanki?" Na ce, "An gama komai, Kawu." Gaskiyar magana ita ce na zuba abin da zai kai ni Kutemeshi ne kawai, da ɗan rara. A tunanina bai kamata man manya ya gauraya da na duro ba, gara tanki ya yi ƙasa, in zuba ja zalla. Kuma, tunda na ce zan faɗi gaskiya, ina so a ga lokacin da nake zubawa.

An kuwa gani. Ba a taɓa ɗaukar amarya a mota daga Kutemeshi ba, don haka gari kaf ya fito ƙofar gidan mahaifinta. Dattawa a inuwar kuka, mata sun cika bakin zaure, har da Fulanin da suka kawo nono suka ajiye ƙoransu suna kallo. Aka ɗora kayan ɗaki a baya, ƙawaye suka hau, aka fito da amarya Hajara cikin lulluɓi aka zaunar da ita a gaba kusa da wata gwaggonta. Sai na ɗaga hannu na ce a dakata.

Na sauko da garwa a hankali kamar mai sauke jariri. Akwai wani maroƙi a wurin mai murya kamar kakaki, ya zo ya tsaya kusa da ni, duk abin da na faɗa sai ya ɗaga wa jama'a.

Na ce, "Wannan mai daga Kaduna ya zo."

"Ya ce daga Kaduna ya zo."

"Shi motar Di'o ke sha, ba kowace mota ke samunsa ba."

"Ya ce man Di'o ne, jama'a, ba na kowa ba."

"Kafin la'asar amarya tana ɗakinta."

Mata suka rangaɗa guɗa. Mahaifin amarya ya gyara zama yana murmushi. Na sa mazurari a bakin tanki, na huda garwa da wuƙa, na karkata ta. Shiru. Na ƙara karkatawa, na ɗan bubbuga gindinta. Sai ga wani abu mai kauri ya leƙo, ya yi lilo, ya faɗa cikin mazurari tim. A nan ne ƙamshin ya doki hancina, ƙamshin da na sani tun ina goye.

Da sauri na fizge mazurarin kafin abin ya gangara tanki. Ina tsaye riƙe da shi ina neman ƙaryar da zan yi, sai wata tsohuwa ta tako da sandarta, ta tsoma yatsa, ta lasa. Ta juya shi a baki, sannan ta ce, "Manja ne. Kuma wallahi mai kyau ne."

Maroƙin nan, Allah ya jiƙansa, bakinsa ya riga hankalinsa. Ya buɗe murya ya ce, "An ce manja ne, kuma mai kyau."

Da a ce dariya aka fashe da ita nan take, da sauƙi. An fara kallon-kallo tukuna. Daga nan wani dattijo ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa, sai abin ya bi jama'a har cikin gida. Na ji kunya irin wadda ban taɓa sanin akwai ta ba. Kunnuwana suka ɗau zafi, na rasa inda zan ajiye idona. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da na saci kallon gaban mota, na ga lulluɓin amarya yana girgiza. Amaryar da ya kamata a ce kukan rabuwa da gida take yi, na mayar da shi dariya.

Mahaifinta mutumin kirki ne. Ya matso kusa ya yi ƙasa da murya ya ce, "Samari, in man da ke ciki ba zai kai ku ba, ku kwana, a aika Birnin Gwari a kawo wani." Nan ma na samu ƙofar fita na ƙi bi. Na ce, "Zai kai mu, Baba," don kawai in bar wurin.

Bai kai mu ba. Muna tsakiyar daji, inda itatuwa suka haɗe sama ba ka jin komai sai kukan birai, kitika ta yi tari, ta shiɗe, ta mutu. Wani Bafulatani da rugarsa ke kusa ya taimaka mana da takarkari, aka ɗora amarya, mata suka bi a ƙafa har bakin babban titi. A can suka samu wata babbar mota mai ɗauke da auduga. Amaryar da na yi wa alkawarin man Di'o a kan buhunan auduga ta shiga Birnin Gwari, gashin ƙawayenta duk ya yi fari. Ni aka bar ni gadin mota da kayan ɗaki, ga garwata a gefe.

Washegari da hantsi Kawu ya iso a keke, da garwar fetur ɗin duro ɗaure a baya. Bai yi faɗa ba. Ya zuba man, ya tayar da mota, ta tashi ba gardama kamar ba ita ba. Ya bar ta tana ɗumi, ya dube ni.

"Ta taɓa ce maka wannan bai ishe ta ba?"

Na sunkuyar da kai. Ya shiga mazaunin direba ya rufe ƙofa, ya nuna mini baya da babban yatsa. Na ɗora kekensa na hau inda na saba. Makullin bai sake dawowa hannuna ba, wani ɗan Tabanni aka ba.

Manjan dai bai yi asara ba, da shi aka yi miyar walima, kowa na ci yana sa mini albarka da gangan. Hajara kuma, da yake akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, ta samu abin yi har tsufa. In ta aiko mini da tuwo sai ta ce a tambaye ni ko miyar ta ji man Di'o.

Sai bayan shekaru na samu tuƙi a wajen wani mai kitika irin ta Kawu. Ranar da na fara shiga Kaduna ni kaɗai, na tsaya a gidan mai na ce a cika mini da sufa, na gaske wannan karon. Na kamo hanya ina kasa kunne, ina jiran hawa ya zama gangara. A hawan da kitikar Kawu ke tari, ita ma wannan a nan ta yi nata, ba ragi ba ƙari. Daga baya na fahimci cewa akwai injin da don wannan man aka ƙera shi, in ka ba shi na gama-gari sai ya riƙa ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Irin wannan a ba shi abinsa. Injin da ba don shi aka yi shi ba kuwa, ko me ka ɗura masa, yadda yake haka yake.

Abin da ya ba ni haushi a hanyar nan shi ne ko ɗan daɗi ban ji ba, sai na tsaya na tambayi kaina dalili. Dalilin shi ne ba wanda ya ga lokacin da ake zubawa. Ashe tun farko ba inji ne ke jin ƙishin jan mai ba, direba ne.

Don haka in za ku sayi mai tsada, ku fara sanin ko motar ce ke so ko ku. In kuma kun nace sai kun burge jama'a, don Allah ku buɗe garwar a gida.