Shamuwa Ta Rasu Cikin Takalman da Suka Fi Ƙafarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwar da har yau ba ta miƙe ba, Malam Abdulmuttalib Salih na Hillar Almu, kudu da garin Hajj Abdalla, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, tun daga Kamlin har Mai Wurno, rasuwar motarsa Shamuwa. Ta cika ne ranar kasuwa da la'asar, bayan gajeriyar rashin lafiya, a gadar ƙarfen da ke bakin gari. Shekarunta babu wanda ya riƙe, amma duk mai furfura a Hillar Almu ya san ta tun yana da baƙin gashi.

Malam Abdulmuttalib bai so a yi wannan sanarwa ba. Ya gaji. Ya gaji da masu zuwa jaje suna danne dariya, ya gaji da maimaita labari ɗaya ga kurame da masu ji, ya gaji da zaman tabarma da ƙafa a miƙe. Abin da ya sa ya yarda a rubuta ɗaya ne: tun ranar da abin ya faru ɗansa Muzammil bai sake taka ƙofar gida ba, kuma labari ya iso cewa yana shirin komawa ƙasar waje, wannan karon ba da niyyar dawowa ba. Tsoho ya riga ya yi haƙurin mota. Ɗan ne bai san yadda zai yi haƙurinsa ba.

Marigayiya ba don ƙauye aka haife ta ba. 'Yar ƙaramar motar tsere ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, marar nauyi, wadda wani injiniyan ruwa ya zo da ita wannan yanki na Jazira don ya riƙa shan iska da yamma. Da aka yi masa canjin wurin aiki ya bar ta a hannun Abdulmuttalib, wanda a lokacin yake saurayi mai noman gyaɗa a hawashar ubansa, wato gonar da hukumar noman rani ta yanka musu. Baƙa ce mai farin ciki, ga tayoyi sirara kamar na keke, shi ya sa mata suka raɗa mata Shamuwa. Da farko an yi masa dariya, an ce ya sayi kwanon wanki mai fitila. Ya ci gaba da tuƙa abarsa, domin shi dama ba mai yawan magana ba ne.

Ta kasance mai haƙuri, mai ƙana'a, marar kwaɗayin mai. An ƙera ta don ɗaukar mutum biyu masu turare, ta ƙare tana ɗaukar buhunan gyaɗa da albasa, da tunkiya a kujerar gaba, ba ta taɓa cewa ita 'yar gidan wane ce ba. Da asuba sai ta yi tari sau da yawa, kar-kar-kar, kamar tsohuwa mai neman buta, sannan ta ce gurrr ta tashi. Ƙahonta siriri ne, fiit, amma mata masu naƙuda sun fi son jinsa da kiɗan biki.

Babbar baiwarta ita ce gada. Hillar Almu tana bayan tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, kuma hanyar mota sai an yi doguwar kewaya da laka ke rufewa duk damina. A bakin gari kuwa dogayen ƙarafa biyu ne kawai aka gitta, kowanne da kwari a tsakiyarsa kamar indararo. Tayoyin Shamuwa suna zama cikin kwarin nan cif, kamar don su aka auna. Ita kaɗai ce mota a duk yankin da ke haye wannan gada, kuma ko da ido rufe Abdulmuttalib yana hayar da ita. Yaran da aka haifa a asibitin birnin Madani ta dalilinta yau wasunsu suna da nasu yaran.

A shekarun tashin hankali, da masu bindiga suka riƙa bin ƙauyuka suna kwashe duk wani abu mai taya, manyan motocinsu sun tsaya a bakin tur'a, suka shigo da ƙafa. Suka tarar da ita ƙarƙashin karan dawa a bayan garken jaki. Babbansu ya yi ƙoƙarin shiga, gwiwoyinsa suka tokare masa haɓa, ya fito yana zagi, suka tafi da jakin. Ƙanƙantar da aka raina ta a kai ita ta tsirar da ita, kuma daga ranar Abdulmuttalib ya ɗauka a gidansa za ta tsufa ta mutu a kwance.

Ajali kuwa daga wajen ɗansa ya ɓullo, cikin tsaraba. Muzammil shi ne ɗan fari, a kan cinyar ubansa ya koyi riƙe sitiyarin Shamuwa. Ya yi shekaru a ƙasashen Larabawa yana wankin motocin masu kuɗi, aikin ya ƙare, ya dawo bayan an girbe dawa. Mutanen gari sun fito taryarsa suna zuba idon ganin akwatuna. Abin da aka sauke daga saman bas tayoyi huɗu ne, faffaɗa, baƙaƙe wuluk, irin na motocin tseren zamani, ko zanensu bai goge ba. Ban da su sai 'yar jakar tufafinsa. Wata tsohuwa ta tambaya ko cikin tayoyin aka ɓoye zinariyar, aka yi dariya, yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce wa uwarsa Halimatussa'adiya duk shekarun nan abin da yake kwana da shi a rai ke nan, ya ga Shamuwa tsaye a kan ƙafafu irin na motocin da yake wankewa.

Ido ba mudu ba, ya san kima. Kallo ɗaya Abdulmuttalib ya yi musu ya san sun fi ƙarfin jant ɗin Shamuwa, wato garen ƙarfen da taya ke zama a kai, ya kuma san sun fi faɗin kwarin gada. Amma wa zai mayar da hannun kyauta baya, balle kyautar da ita ce kaɗai mutuncin da yaro ya shigo gari da shi? Ga kuma alkunyar ɗan fari. Mutumin da tun haihuwar ɗansa bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wancan" ko "yaron nan", ba ya iya zaunar da shi ya buɗe masa ciki. Ya shafa tayoyin, ya ce madalla, ya tashi ya tafi masallaci alhali lokaci bai yi ba.

Ranar kasuwa suka haye gada da tsofaffin tayoyi, suka nufi Hajj Abdalla wurin Mato mai gyaran taya. Tsoho ya sa rai Mato zai faɗi abin da shi ya kasa faɗa. Ina! Mato mutum ne da bai taɓa ganin aikin da ba zai yiwu ba. Ya zagaya tayoyin, waɗanda a nan ake kira lastik, yana tafa hannu.

"Ya Hajj, lastik kamar mutum na, in ka matsa mai shina shiga. Tamam za ta yi, wallahi ko Khartum babu irinta."

Aka kawo ruwan sabulu da guduma da ƙarafan banƙara. Ƙarti uku suka hau kan taya ɗaya suna tsalle, Mato yana bugu yana salati, Shamuwa tana kan duwatsu ba ƙafa, tana kallon mai ita da fitila ɗaya. Da ƙyar da jiɓin goshi tayoyin suka shiga, suka kumbura ta gefe kamar ƙafar mai ciwon hanta. 'Yan kasuwa suka taru suna yaba kyanta. A gaskiya ta yi kyau, irin kyan da gawa kan yi bayan wanka.

Ciwon ya fara tun kafin su bar gari. Sitiyarin da ake juyawa da yatsa biyu ya koma sai an sa ƙirji. A kowane rami tayoyin suna gogar jikinta, shuu, shuu, tana tangaɗi a kan gaɓar tur'a, ƙaurin roba yana shigowa ta taga. Muzammil ke tuƙi. Ya ce sabunta ce, za su saba da juna. Uban yana gefe, ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, tasbaha da ɗayan, duk tsawon hanya yana shirya maganar da zai faɗa in sun isa gada.

Suka isa. Mutanen gari sun fito tsallake suna jiran ganin sabuwar Shamuwa, har da tsohuwar nan mai tambayar zinariya. Abdulmuttalib ya buɗe baki zai ce a tsaya a bi ta kewaya, sai ya dubi fuskar ɗansa, ya ga yana murmushi, karo na farko tun dawowarsa. Abin da ya fito daga bakinsa kawai shi ne a bi a hankali.

A hankalin aka bi. Tayoyin suka ƙi shiga kwari, suka hau kan leɓen ƙarfe. A tsakiyar gada tayar gaba ta hagu ta ce fuus, ta sulluɓe daga jant, Shamuwa ta karkata, cikinta ya daki ƙarfe, ƙashin bayanta ya ce ƙaras, ta gangara cikin tur'a. Allah ya sa an rufe ruwa a makon, saura laka da ɗan abin da bai kai ƙugu ba. Injin ya shaƙi rabonsa, ya ce gur, gur, ya yi shiru. Mutum biyun suka fito ta taga da ransu.

Muzammil ya tsaya cikin laka, ya dubi ubansa a gaban dukan gari.

"Yaba, ni nik kashe ta."

Nan ne tsoho ya kamata ya yi magana, shi ma ya sani. Amma ga idon jama'a, ga ɗan fari, ga gwiwa tana zugi. Sai ya sunkuya yana laluben takalminsa cikin laka. Yaron ya ɗauki shirun nan a matsayin amsa, ya hau gaɓa ta ɗaya gefen, ya bi hanyar Hajj Abdalla da ƙafa bai waiwayo ba.

Marigayiya ta bar mai ita, wanda yanzu sai a kan amalanken maƙwabci yake zuwa hawasha. Ta bar Halimatussa'adiya, wadda kullum take tuƙa tuwon asida na mutum uku, ta kwashe na mutum ɗaya ta ba kaji, ba ta kuma yi wa mijinta magana sai abin da ya zama dole. Ta bar mata masu tsohon ciki da ke lissafin doguwar kewaya tun yanzu. Ta bar tsofaffin tayoyinta sirara a rumfar Mato, biyu daga ciki har an yanka su an yi takalma. Ta kuma bar Muzammil.

Game da sanadin mutuwa, an ji maganganu iri-iri, wasu na cewa garin neman gira aka rasa ido. Malam Abdulmuttalib ya roƙi a daina. Da aka tambaye shi abin da za a rubuta, sai ya ce:

"Ku rubuta tsuhwa ta. In kuma dole sai an kama wani, ni nig gani da idona niy yi shiru. Yaron nan alheri yak kawo, kuma ba a taɓa yi mani tsarabar da tak kai wagga ba. Khalas."

Za a yi jana'iza ranar Alhamis, domin da azahar ɗin ranar za a sako ruwa a tur'a, kuma duk abin da ke ciki ya zama na kifi. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, saboda haka babu sahu, sai igiya. Za a jawo ta da shanu da ƙarfin samari, a kwantar da ita a bayan garke inda ta saba fakewa. Ba a buƙatar kuka ko gudummawa. Akwai shayi, mai son sukari ya zo da nasa.

Bas ɗin Bur Sudan, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa ƙasar waje, shi ma ranar Alhamis yake tashi daga Madani da hantsi. Samarin gari sun ce su kaɗai sun isa su fitar da ita tun jiya, tsoho ya hana. Ya ce igiya biyu za a ɗaura, ɗaya tasa, ɗaya ta wanda ya tuƙa ta tuƙin ƙarshe, kuma in babu mai riƙe ta biyun, a bar ruwa ya rufe ta. Zai kasance a bakin gada tun bayan sallar asuba, da gwiwarsa da tabarmarsa. Duk wanda ya ga Muzammil a tasha, don Allah ya gaya masa ubansa yana zaune a rana.