Dutsen Bakin Ramin Jatau

A wani daji mai tafki ɗaya tal, akwai dokar da aka gada tun kaka da kakanni: wanda ya yi kisa, a jefa shi rami a mirgino masa dutse. Tsofaffi sun ce kafin dokar, ran yaro ɗaya kan cinye dangi biyu wajen ramuwa. Shi ya sa kowa ke ganin girmanta.

Shekarar da aka yi fari, ana turereniya a bakin tafki, wani matashin gwanki mai suna Jatau ya yi harbi da ƙafa, ya sami ɗan barewa a ƙirji. Yaron bai tashi ba. Majalisa ta zauna yini guda, ta yanke masa dutse. Aka ba Damo gadin ramin, aka ce aikin kwana uku ne.

To amma a al'ada, ba a tura dutsen sai shugaban majalisa ya fara ɗora masa ƙafa. Ɓauna ne shugaba a lokacin. Ya zo ya leƙa ramin, ya juyo ya ce, "Jama'a, dokar nan ita ce rufin asirinmu. Duk mai son a taɓa ta, ba ya ƙaunar dajin nan. Sai dai ƙafata na ɗan ciwo. A bari damina ta wuce."

Damina goma sha ɗaya ta wuce. Shugabanni huɗu aka yi, kowa ya yabi dokar, kowa da irin ciwon ƙafarsa.

Damo dai yana nan yana zura ciyawa. Kowace safiya murya kan fito daga ƙasa: "Baba Damo, yau ne?"

"Ba yau ba ne, ɗana. Ci abincinka."

Tabawa, uwar mamacin, takan zo ta zauna a inuwar dutsen. Ran nan Damo ya ce mata, "Inna, har yanzu kina so a tura?"

Ta ce, "Da can har mafarkinsa nake. Na je na ce a tura, aka ce in yi haƙuri. Daga baya na koma na ce na yafe, aka ce ba hurumina ba ne. Ni yanzu so nake kawai a ce mini an gama."

Damo ya ja jiki zuwa majalisa, ya durƙusa. "Ranku ya daɗe, ni ban san doka ba. Amma yaro kuka ba ni, ga shi ya yi furfura a hannuna. Kullum sai ya mutu sau ɗaya kafin in ba shi amsa. Ku tura, ko ku ciro shi."

Aka yaba da hankalinsa, aka kafa kwamiti.

Wata safiya Damo ya zura ciyawa, ya jira tambaya, bai ji ba. Tabawa ce ta taya shi tura ƙasa a kan gawar Jatau a cikin ramin.

Majalisa ta yi zaman gaggawa, ta nuna takaicinta cewa mai laifi ya tsere wa hukunci, ta sauke Damo saboda sakaci.

Dutsen yana nan har gobe. A kansa kowane sabon shugaba ke hawa ya yi rantsuwa, kuma ba a taɓa ganin wanda ya yi ɗingishi wajen hawan ba.