Yadda Za Ka Koya wa Kanel Amsa Sallama, Ko da Kai Ma Ba Ka Iya Ba

Ɗan'uwa, bi matakan nan, na yi maka alkawarin ofis gaba ɗaya zai san sunanka. Ni ma haka aka san nawa.

1. Karɓi aikin da fara'a

Kanel shi ne zuciyar manhajar kwamfuta. Duk na'urar da ke son a kula ta, sai ta aika masa siginar katsewa, kamar mai sallama a ƙofa, kuma akwai ɗan guntun lantarki a cikin kwamfutar da ke jera masu sallamar. Direba kuwa ba na mota ba ne, 'yar manhaja ce da ke haɗa kanel da na'ura. Idan Oga ya ce, "Wa zai sa direbanmu ya yi aiki da guntun nan?" ɗaga hannu. Ni na ɗaga ne ina miƙa, amma bakin alƙalami ya bushe.

2. Kada ka karanta littafin guntun

Kauri gare shi. Ɗora allon kwamfutarka a kai, wuyanka zai gode maka.

3. Kwafo aikin wani

Nemo tsohon direba, sauya sunaye. Layin umarnin da ba ka gane ba, goge shi. Gwani ba ya ajiye tarkace.

4. Yi gwajin farko a gaban baƙi

Ranar da masu sayen na'urarmu suka zo, na danna maɓalli, sigina ta iso, direbana ya amsa. Har na fara gyara wuyan riga. Ashe layin da na goge shi ke gaya wa guntun, "An ji, ya isa." Sai ya dinga sallama ba numfashi, kanel ya bar komai yana amsawa, allo ya sandare, fanka ta kama kuka.

Babban baƙon ya ce, "Malam, lafiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tunani take yi."

5. Zargi waya

Sauya ta. Sauya soket. Hura ƙura. Oga ya raɗa mini, "Ko ka gyara kafin su gama shan shayi, ko ka bi su."

6. Mayar da layin

Na ciro littafin, allon ya kife a kan tebur. Layi ɗaya na mayar, komai ya tashi. Baƙi suka tafa, Oga ya sanar cewa daga yau duk wani guntu mai taurin kai nawa ne.

Hattara: idan kwamfutarka ta sandare, ko Oga ya ƙara maka aiki, ba ruwana. Kada ka kira ni, ina babi na biyu na littafin.